Ciwon dajin DIPG: Hoton MRI kaɗai, ko a ɗebo ɗan yanki a gwada?

DIPG ciwon daji ne da ke fitowa a gindin ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da laka, wurin da ke riƙe da numfashi da haɗiya da bugun zuciya. Ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 10. Ba a iya yanke shi, domin ya cakuɗe da jijiyoyi masu lafiya.

Shekaru da dama likitoci na dogara da hoton MRI kaɗai, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, wajen gano shi. Idan idon yaro ya karkace, gefen fuska ya saki, tafiya ta koma tangaɗi, hoton kuma ya nuna kumburin da aka sani, sai a fara gashi na mako 6, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura mai ƙarfi. Babu tiyata, babu jira.

Hanya ta biyu ita ce a zura siririyar allura cikin ƙarin bisa jagorancin kwamfuta a ɗebo ɗan yanki a gwada. Akwai haɗarin zubar jini ko taɓa jijiya, shi ya sa aka daɗe ana gudunta. Amma a 2012 aka gano sauyin ƙwayar halitta mai suna H3 K27M a mafi yawan irin wannan ƙari, kuma hoto ba ya tabbatar da shi. Wani lokaci ma gwajin kan nuna cewa wani ƙari ne daban mai jin magani, abin da ke sauya komai ga iyaye. Gwaje-gwajen sababbin magunguna da yawa kuma sukan nemi sakamakonsa.

Ni dai na fi karkata ga gwajin, muddin ƙwararrun da suka saba da shi ne za su yi. Sai dai gwajin ba magani ba ne, gashi ne har yanzu ke sassauta alamun na wasu watanni.