Hasashen Roland Garros: Wanne Za Ka Bi, Wanne Za Ka Guje Wa

Da zarar watan Mayu ya kama, wayata sai ta cika da saƙonnin masu cewa sun san wanda zai ɗauki kofin Roland Garros, gasar tanis ta jar ƙasa da ake yi a Paris, babban birnin Faransa. Na taɓa biyan kuɗi don irin wannan hasashe, ban kuma ji da daɗi ba. Caca dai na daina ta, kowa ma ya san hukuncinta a addini, amma har yau ina son in san wa ya fi wa kafin a buga ƙwallon farko. Ga yadda na auna wuraren da ake samun hasashen.

Jadawalin matsayin 'yan wasa na ATP da WTA, hukumomin tanis na maza da na mata, shi kowa ke fara dubawa, shi ne kuma mafi rauni a wannan gasa. Makin makonni 52 ne aka tara wuri guda, na filin ciyawa da na dandaɓe da na ƙasa. Pete Sampras ya rufe shekara shida a jere yana na ɗaya a duniya, ya ci manyan kofuna 14, amma na Paris ko sau ɗaya bai ɗaga ba. Masu sharhin talabijin kuwa, labarinsu da daɗin ji, iyakarsa ke nan.

Wanda nake bi shi ne ma'aunin Elo da shafin Tennis Abstract ke fitarwa kyauta. Daga wasan dara na chess aka aro lissafin. Ba ruwansa da zagayen da ɗan wasa ya kai, abin da yake tambaya shi ne wa ka doke. In ka kayar da gwani makinka ya yi tsalle, in ka kayar da ɗan koyo ɗan abin da za a ƙara maka bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne an ware makin jar ƙasa daban. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin garin jan bulo da ake shimfiɗawa a filin yana rage wa ƙwallo gudu, ya sa ta tashi sama, sai mai dogaro da bugun farko mai ƙarfi ya rasa makaminsa, mai haƙuri da dogon numfashi ya samu nasa. Karanta shi ma ba wuya: ratar maki 100 na nufin na sama zai ci kusan sau 64 cikin 100, ratar 200 kusan sau 76. Kun ga ke nan ko wanda aka fifita da rata mai yawa yakan faɗi sau ɗaya cikin huɗu, kuma lissafin bai ɓoye maka hakan ba. Aibinsa ɗaya, bai san wanda ya kwana da ciwon gwiwa ba. Wannan kai za ka bi labarai. Ni nakan haɗa da sakamakon gasannin jar ƙasa na Monte Carlo da Roma, waɗanda ake yi kafin ta Paris. Na Madrid ina ɗan ja da baya, garin na kan tudu, ƙwallo ta fi gudu a can.

Lambobin kamfanonin caca suna da amfani a matsayin ma'auni, muddin ka san ba gaskiya tsagwaronta ba ce. Idan aka sa wa 'yan wasa biyu 1.90 kowanne, wato wanda ya zuba naira ɗaya ya dace zai karɓi 1.90, lissafi ya ba kowa damar ci ta kashi 52.6 cikin ɗari, jimla ta haura 105. Wannan biyar ɗin da ta hau ribar kamfani ce, ko wa ya ci.

Sai masu sayar da hasashe a Telegram da WhatsApp. A 2023 wani ya karɓi kuɗina, ya rantse cewa wasan Daniil Medvedev na farko a aljihu yake, tunda ya ci kofin Roma kwanaki kaɗan kafin nan. Thiago Seyboth Wild na Brazil, wanda sai da ya bi ta wasannin share fage, ya fitar da shi a turmi biyar. Da na duba da kaina, da na ga Medvedev ya faɗi a zagayen farko sau huɗu a jere daga 2017 zuwa 2020. Washegari saƙon ya ɓace, ni ma aka cire ni daga zauren. Daga baya na gane dabarar: a raba mutane gida biyu, a ba waɗannan ɗan wasa ɗaya, a ba waɗancan abokin karawarsa, rabin da ya dace su zama shaidu. Hotunan tikitin da suke yaɗawa kuwa, yaro ma zai gyara su a waya. Mafi muni su ne masu cewa an sayi wasa kuma suna da labari daga ciki. Sayar da wasa na faruwa, shi ya sa aka kafa ITIA, hukumar yaƙi da maguɗi a tanis, a 2021, amma galibi a ƙananan gasa ne inda lada bai kai kuɗin jirgi ba. A Paris, wanda ya faɗi a zagayen farko a 2025 ya tafi da Yuro 78,000. Kuma mai sirri irin wannan me zai yi da dubu biyar ɗinka?

Duk wanda ya ce maka "tabbas", tambaye shi ko ya hango Robin Soderling a 2009, ranar da ya yi wa Rafael Nadal ɗaya daga cikin faɗuwa huɗu kacal da ya yi a wasa 116 a wannan gasa. Ko Jelena Ostapenko da ta ɗauki kofin a 2017, ko Iga Swiatek da ta ɗauka a 2020 tana ta 54 a duniya. Ɓangaren mata ya fi wuyar hasashe, turmi uku ne maimakon biyar, ƙaramin ɗan wasa na iya ƙwace biyu kafin babba ya farga. Da turmi uku ake yi a na maza, da Jannik Sinner ya ɗauki kofin 2025 tun kafin Carlos Alcaraz ya farfaɗo ya ci shi bayan awa biyar da minti 29.