Sikelin kicin da na saya a Oke Arin, wata biyar kenan

Ni dai kek nake yi a gida nan Agege, na suna da na bazday da ɗan abin da ba a rasa ba, kuma tun da na fara da kofi nake auna komai, wani lokacin ma gwangwanin madara idan yara sun ɓatar min da kofin. Fulawa da suga ba su cika ba ni ciwon kai ba, aisin suga, wato garin sugan nan mai laushi da ake yin kirim ɗin kek da shi, shi ne ya kusa haukata ni wallahi. Yau kirim ya yi daidai, gobe kofi huɗun nan dai amma ya yi ruwa yana zamewa daga jikin kek, jibi kuma ya yi tauri kamar tuwon jiya.

Wata maƙwabciyata Bayarabiya ce ta ce Hajiya ki sayi sikeli ki huta, da na shiga kasuwar Oke Arin sayen kaya na ɗauko ɗaya, farin nan na roba mai batir biyu, kuɗinsa bai kai na ƙaramin kek ɗaya ba.

Ranar da na dawo sai da na zauna na gwada da aisin suga. Kofi ɗaya fa, ban canza ba. Da na luma shi cikin leda na kwaso ya haura giram 130, da na zuba da cokali na share saman ya tsaya wajen 120, da na tankaɗe da rariya tukuna sai ga shi kusa da 100. To ku lissafa a kofi huɗu, fiye da giram 100 ke ɓacewa ko ƙaruwa ba ki sani ba, ashe ba hannuna ba ne ya lalace. Garin sugan yana da laushi, iska na shiga tsakaninsa, ga danshin Legas da damina yana sa shi dunƙulewa duk da ɗan sitacin da ake haɗa masa. Suga na yau da kullum shi giram 200 ne a kofi, kusan kullum haka yake zuwa shi ya sa bai taɓa ba ni kunya ba. Kofin ma kansa ba ɗaya ba ne, na Amurka wajen mil 240 ne, na Ostareliya 250.

Yanzu idan na ga kofi ɗaya na aisin suga a resipi giram 120 nake sawa kawai, in an ce a tankaɗe kafin a auna sai in rage. Kirim kuwa bota giram 250, aisin suga giram 500, in zafi ya yi yawa in ɗan ƙara sugan.

Amma sikelin yana da nasa halin. Yana kashe kansa da wuri, kina tsakiyar tankaɗe ki ɗago ki ga ya mutu, sai kin juye kin sake daga farko. Farantinsa ƙarami ne, babbar roba tana rufe lambar sai kin sunkuya kina leƙe. Botin ɗin da ke mayar da shi sifili bayan kin ɗora kwano yana aiki lafiya lau, sai dai ki kula da ɗayan botin, sau biyu ina taɓa shi ya bar giram ya koma wani awon daban da ake kira oz ban lura ba. Ƙananan abubuwa kamar bakar hoda giram 2 ko 3 ba na yarda da shi, nan har yanzu cokali nake amfani da shi.

Batirin da ya zo da shi sati uku ya yi, ku sayi naku tun a kasuwa.