Wane babur ya dace da hanyar bakin teku?

Hanyar da ta bi gaɓar teku ba wurin gwada gudu ba ce. Kwana ce bayan kwana, iska tana bugowa ta gefe, kuma ba za ka yi nisa ba sai ka so tsayawa ka kalli ruwa. Hanyar Chapman's Peak da ke kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu kilomita 9 ce kacal, amma kwanoninta 114. Great Ocean Road ta Ostireliya, wadda sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya suka gina tsakanin 1919 da 1932, ta kai kilomita 243, kuma rabinta na gabas a jikin duwatsu take murɗawa. Saboda haka ko saye za ka yi ko haya, fara tambayar nauyin babur da tsayinsa kafin ka tambayi ƙarfin injinsa.

Manyan baburan doguwar tafiya su ne ke fara jan ido. Honda Gold Wing yana da inji mai silinda shida, cc 1,833, kujerarsa ƙasa-ƙasa, santimita 74.5, ga gilashin gaba da ke tare maka iska. In da goyo za ka yi, wanda ke baya ba zai taɓa yi maka ƙorafi ba. Amma ko mafi sauƙinsa ya haura kilo 360, har sai da kamfanin ya saka masa ribas. Road Glide na Harley-Davidson shi ma nauyin nasa can ne. Kan kwalta ba ka jin wannan nauyi. Inda yake fitowa shi ne wurin tsayawa: ka ratse gefen titi, filin tsakuwa ne kuma ya ɗan gangara wajen teku, ka sauke ƙafar dama, tsakuwa ta zame a ƙarƙashin takalminka, babur ya fara karkata. Mai kilo 200 za ka iya tare shi da cinya. Mai kusan 400 sai dai ka sake shi ka nemi masu tayarwa.

Baburan tsere kuwa ban ba ka shawara ba. Kwance kake kan tanki, wuya da wuyan hannu suna ciwo, kwalta kawai kake gani.

Ni dai zuciyata tana kan matsakaita masu zaman miƙe. Suzuki V-Strom 650 nauyinsa wajen kilo 215 ne, tankinsa lita 20. Kawasaki Versys 650 yana ɗaukar lita 21. Duka biyun suna shiga kwana ba tare da kokawa ba, kana zaune kanka a sama, idonka yana kaiwa ga ruwa. Girman tankin ba ƙaramin abu ba ne. A yankin Big Sur na Highway 1 a Kalifoniya, tsakanin Carmel da San Simeon, wajen kilomita 145 ne kuma gidajen mai ƙalilan ne. Ga zaftarewar ƙasa: ta Mud Creek a 2017 ta rufe hanyar fiye da shekara guda. Wanda ya tarar da shinge dole ya juya, kuma man da ya rage masa shi zai mayar da shi.

Honda NC750X yana da wata dabara. Inda aka saba ganin tanki, akwati ne mai lita 23 da ke cinye hular kwano, man kuma yana ƙarƙashin kujera. Ba ya shan mai sosai, amma tankin lita 14 ne, kuma sai ka ɗaga kujerar baya kafin ka zuba, wato duk kayan da ka ɗaure a kai sai ka kwance su a kowane gidan mai. BMW R 1250 GS ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai kilo 249 ne, kujerarsa santimita 85. Gajeren mutum da yatsun ƙafa zai riƙa taɓa ƙasa, kuma dogon babur mai akwatuna a gefe iska tana samun wurin kamawa, musamman kan gada.

Sai maganar gishiri. Iskar teku tana ɗauke da shi, yana sauka kan ƙarfe, tsatsa ta biyo baya. V-Strom, Versys da NC750X duk sarƙa ke juya tayarsu ta baya, don haka riƙe gwangwanin man sarƙa ka fesa da yamma tun tana da ɗumi, ka kuma wanke babur da ruwan daɗi mai sanyi bayan tafiya. GS da Gold Wing sandar ƙarfe ce a rufe ke juya tayar, Harley kuma bel, ba ruwansu da wannan hidima. In ka san kai ba mai kula da sarƙa ba ne, wannan ya isa ya sauya maka lissafi.

Kowanne ka zaɓa, kada ka yarda da wanda ba shi da birkin ABS, wato birkin da ke hana taya ƙamewa ta zame idan ka taka shi da ƙarfi. Hazon safe yana jiƙa kwalta, iska tana watso yashi a tsakiyar kwana, a nan ne tayar gaba ke yaudara.

Kafin ka biya, sa a cika tanki, ɗora kayan da za ka tafi da su, abokin tafiyarka ya hau baya. Duba ko tafin ƙafarka yana taka ƙasa sosai. Sannan ku sauka, ka tura babur ɗin da baya kan ɗan tudu, kai kaɗai.