Amlodipine da lisinopril: wanne ya fi dacewa da Mama?

Hajiya, kin ce an ɗora Mama a kan maganin hawan jini lisinopril nan Kumasi, ga tari ya hana ta barci, alhali maƙwabciyarku a Asawase amlodipine take sha lafiya lau. Kin kuma tambayi dalilin da likita ya ce yana so lambar sama ta awon jininta ta sauka ƙasa da 130.

Amlodipine yana sassauta jijiyoyin jini ne, kuma ya fi saurin kama jikin baƙar fata. Akwai binciken CREOLE da aka buga a 2019, wanda aka yi a ƙasashen Afirka 6 har da Najeriya: haɗin magani mai amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi sauko da jini. Aibinsa kumburin idon sawu, musamman da yamma, wani lokaci da ciwon kai a farkon sha.

Lisinopril shi kaɗai bai cika ƙarfi a jikinmu ba, amma yana kare ƙoda, shi ya sa likitoci ke son sa ga mai ciwon suga ko mai fitar da furotin a fitsari. Busasshen tarin nan da ke damun Mama sanannen halinsa ne. Maganin tari na kemis ba zai yi komai ba. Ta koma asibiti, sau da yawa losartan ake musanya mata, aikinsu kusan ɗaya ne ba tare da tarin ba. Abin da ya fi tsorata ni game da lisinopril shi ne kumburin leɓe ko harshe, wanda ya fi samun baƙar fata. In kin ga haka, ku nufi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye nan take. Mai ciki kuwa ba ta shan lisinopril ko losartan sam.

Batun awo: Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ce ƙasa da 140/90 ga wanda ba shi da wata cuta, ƙasa da 130 ga mai ciwon zuciya, kuma ana so hakan ga mai suga ko ciwon ƙoda. Tunda kin ce Mama na da suga, likitan bai wuce gona da iri ba. Ni dai a tsofaffi na fi son a sauko a hankali, don jiri na kayar da su in sun miƙe daga sallah.

Kada ta daina sha kafin ta ga likita. Ku tafi da katin inshorar lafiya na NHIS da kwalin maganin, a rage kifin gishiri irin koobi da momoni, da dunƙulen magi a miya.