Shirin Jarrabawar Turanci ga Likita: Bambancin Gida da Ingila

'Yan uwana likitoci na gida, tambayar da kuka fi yi mini ita ce ko ya fi kyau mutum ya gama jarrabawar Turanci a Najeriya, ko kuwa ya bari sai ya iso Ingila. Shawarata ita ce a gama ta a gida.

Hukumar GMC, wadda ke yi wa likitoci rajista a Birtaniya, tana karɓar ɗaya daga cikin jarrabawoyin Turanci biyu, IELTS ko OET. A IELTS ana buƙatar matsakaicin maki 7.5, kuma kada a samu ƙasa da 7.0 a kowane ɓangare, wato sauraro da karatu da rubutu da magana, duk a zama guda. OET kuwa, wadda aka ƙirƙiro a Ostareliya domin ma'aikatan lafiya, kuma GMC ta fara karɓarta a 2018, ana buƙatar darajar B a dukkan ɓangarorin huɗu. Sakamakon kowacce yana aiki ne na shekara biyu kacal, saboda haka wanda ya yi jinkirin zana PLAB, wato jarrabawar aikin likita da GMC ke yi wa likitocin ƙasashen waje, yana iya ganin takardarsa ta mutu a hannunsa.

Wajen kuɗi, OET ta fi tsada, domin kuɗinta ya kusa dalar Ostareliya 600, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 ya zama nauyi babba ga likitan da ke karɓar albashin gwamnati. Duk da haka ni ita na fi ba ku shawara. A IELTS ana iya ba ka batun cunkoson motoci ko tarbiyyar yara a ce ka rubuta kalmomi 250 a kai, alhali a OET wasiƙar miƙa majinyaci ga wani likita za ka rubuta cikin minti 45, aikin da hannunka ya riga ya saba da shi.

Abin da Ingila ta fi mu da shi a fili yake. Wuta ba ta ɗaukewa, intanet tana da ƙarfi, kuma ɗakunan karatu na ƙananan hukumomi kyauta ne, da kwamfuta da wurin zama mai shiru. Sannan kunne yana sabawa da harshen mutanen Libaful da na Sikotland, wanda ya sha bamban da Turancin da muka ji a makaranta. Sai dai malamin da zai duba maka rubutu a nan Ingila da fam ake biyansa, awa-awa, ga kuɗin haya da na abinci suna cin aljihu alhali ba ka fara aiki ba. A gida kuwa, abokai huɗu ko biyar da suka haɗu a WhatsApp suna gyara wa juna wasiƙu, suna amfani da samfurin tambayoyin da OET ke bayarwa kyauta a shafinta, suna samun mafi yawan abin da ake sayarwa a nan da tsada.

Inda muka fi rauni shi ne magana da majinyaci, kuma dalilinsa sananne ne. A asibitocinmu na Kano da Zariya da Sakkwato, da Hausa muke lallashin mara lafiya, mu kwantar masa da hankali, Turanci kuwa mun bar shi ga rubutun fayil da zagayen ɗaki da manyan likitoci. Mai jarrabawa yana so ya ji ka bayyana wa tsohuwa ciwon sukari da Turanci mai sauƙi, ka tambaye ta abin da ke damunta, ka tabbatar ta gane kafin ka ci gaba. Wannan ba ya samuwa a littafi, kuma ba sai an zo Ingila ake koyonsa ba. Ku riƙa zama biyu-biyu bayan an tashi aiki, ɗaya likita ɗaya majinyaci, minti biyar-biyar kamar yadda ake yi a jarrabawar, ku naɗi muryoyinku a waya ku saurara. Wannan atisayen zai sake yi muku amfani a PLAB ta biyu, wadda ake yi a Manchesta, inda za ku fuskanci masu kwaikwayon majinyata ɗaya bayan ɗaya.