Dubu goma da na kashe a ofishin wata lauya a Zoo Road

Shekara uku ke nan ina riƙe da sito a wani kamfanin robobi da ke Sharaɗa a Kano, kuma babu makon da manajanmu bai zage ni a gaban leburori ba. Idan lissafi ya yi daidai, sunana jaki. Idan bai yi ba, har iyayena sai sun samu rabonsu. Zagin ina haɗiyewa saboda yara huɗu. Abin da ya kai ni bango shi ne yankan albashi: makarar minti goma, dubu biyu, bokiti ya fashe a hannun wani, a cire a nawa. Ga albashin wata biyu da ya riƙe, wai sai na gyara hali.

Maiɗakina ce ta samo mini lambar wata lauya a wajen ƙawarta. Ofishin yana saman bene a Zoo Road, ɗaki biyu, ranar kuma babu wuta, sai fifita da jarida. An ce in zo ƙarfe goma, ban ga Barista ba sai bayan azahar, wai ta tsaya a kotu. Yaron ofishin ko sannu da jira bai ce mini ba, amma dubu goman ganin lauya ya karɓa tun ban zauna ba. Na so in tashi.

Da ta zo, ta bar ni na zazzage cikina tas, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Malam, zagi ya fi ciwo, amma yankan albashi ya fi sauƙin kamawa. Ina takardar ɗaukarka aiki?" Na ce ban taɓa ganin kalarta ba. Ta ce Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku, kuma dokar ba ta yarda ubangida ya ci tarar ma'aikaci daga albashinsa don ransa ya so ba. Ko ɓarna ka yi da gangan, sai jami'in ƙwadago ya amince kafin a cire. Ni da nake zaton haƙƙin manaja ne!

Abin da ya fi burge ni, ba ta zuga ni ba. Na je da niyyar washegari in jefa masa mukullai in yi tafiyata. Ta ce kul. Wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, notis ɗin mako biyu ne tsakaninsa da kamfani, ko kuɗinsa. Idan na fita cikin fushi na ba su hujja da hannuna. Ta sa na sayi littafi, in riƙa rubuta rana, lokaci, abin da aka faɗa da waɗanda ke wajen, kuma in ciro bayanan asusuna daga banki don a ga yadda albashin yake hawa da sauka. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana da reshe a nan Kano, in ji ta, amma shari'a tana cin kuɗi da lokaci, gara a fara da wasiƙa.

A nan ne muka ɗan saɓa. Wasiƙar kuɗinta daban, dubu goma sha biyar, kuma ba a faɗa mini ba sai da aka gama bugawa. Kiran wayarta ma sai ka yi sau biyar kafin ta ɗauka.

Amma wasiƙar ta yi aiki. Ba manaja ta aika wa ba, Alhaji mai kamfanin ta aika wa kai tsaye. Kwana tara bayan nan na ji alat na wata biyun. Kuɗin da aka yi ta yanka kuwa rabi kawai suka dawo da shi, Barista ta ce in ina so a bi sauran, na ce a bar shi. Manaja ya daina ce mini jaki, yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa, ni kuwa hakan ya yi mini.

Jiya direban kamfaninmu ya karɓi lambarta. Na ce masa ya je bayan azahar, ya riƙe ruwansa, kuma kafin ya zauna ya ce, "Barista, duka-duka nawa ne?"