Clash of Clans a hannun ƴan wasan Damagaram: inda ake yaba masa da inda ake kuka da shi

Clash of Clans wasa ne na dabarun yaƙi wanda kamfanin Supercell, da ke birnin Helsinki na ƙasar Finlan, ya fitar a watan Agusta na 2012 a kan wayoyin Apple, sannan ya kawo shi kan Android a watan Oktoba na 2013, kuma ta wannan ƙofa ta biyu ce ya shigo hannun matasanmu, tun da yawancin salular da ke Damagaram Android ce. Wasanni da dama sun zo sun wuce a tsawon waɗannan shekaru, amma shi har yanzu ana ganinsa a hannun ɗalibai, da masu kabu-kabu da ke jiran fasinja, da samarin da ke tsaron shago a kasuwar Dole. Na daɗe ina buga shi, na kuma saurari muhawarar da ake yi a kansa a fadoji daban-daban, tun daga Birni har Zengo, kuma abin da na tsaya a kai shi ne wasan ya cancanci sunan da ya yi saboda harin minti uku da kuma zumuncin ƙungiya, amma tsarin kuɗinsa an gina shi ne a kan ƙarewar haƙurin ɗan wasa, kuma wannan aibi ya fi ciwo a wurinmu fiye da wuraren da aka tsara wasan domin su.

Ga wanda bai san shi ba, ana ba ka ɗan ƙaramin gari ne ka gina. Kana tara zinari da wani ruwa da ake kira eliksir, kana ɗaga ganuwa, kana kafa igwa da hasumiyar maharba, kana horar da mayaƙa, sannan ka kai wa garuruwan wasu hari domin ganima, su ma su kawo wa naka ko da kana barci. Komai yana rataye ne da babban gidan mulki da ke tsakiyar gari, wanda ƴan wasanmu, da yake mafi yawansu da Faransanci suke bugawa, suke kira HDV. Duk lokacin da ka ɗaga shi mataki ɗaya sai sababbin gine-gine da sababbin mayaƙa su buɗe. An kai mataki na 16 a watan Disamba na 2023, na 17 kuma a watan Nuwamba na 2024.

Inda bakin kowa ya zo ɗaya shi ne hari. Ana ba ka daƙiƙa 30 ka ƙare wa garin abokin gaba kallo, sannan minti 3 na yaƙi, kuma tauraro uku ake nema: ɗaya idan ka rusa rabin gari, ɗaya idan ka kayar da gidan mulki, na uku idan ba ka bar komai a tsaye ba. Abin da ya sa wannan ya zama dabara ta gaske shi ne da zarar ka sauke mayaƙi a fili ya fita daga hannunka, halinsa kawai zai bi. Ƙattai ba sa kallon komai sai makaman tsaro, ƴan koren nan masu gudu rumbunan dukiya kaɗai suke nufa, masu ɗauke da bam ganuwa suke nema, maharba kuwa duk ginin da ya fi kusa da su shi suke harbi. Saboda haka gwani ba ya zuba rundunarsa gaba ɗaya. Zai fara ajiye matsafi ɗaya a kusurwar dama, ɗaya a ta hagu, su share ƙananan gine-ginen da ke waje, domin idan babbar runduna ta sauka kada ta ga abin da zai ja ta gefe, sai ta kutsa ciki kai tsaye. Zai aika mayaƙi ɗaya ya tsokano dakarun da ƴan ƙungiyar mai garin suka ba shi, waɗanda aka ɓoye a gidan ƙungiya, ya jawo su fili, ya watsa musu guba. Daga nan ƙattai su shiga gaba su sha wuta, masu bam su buɗe ƙofa a bayansu, shi kuma yana riƙe da maganin warkarwa har sai ya ga ƙarfin ƙattan ya yi ƙasa. Idan mutum ya yi gaggawar daƙiƙa biyu, masu bam za su mutu kafin su isa ganuwa, runduna ta bi gefen gari tana zagaye, a tashi da tauraro ɗaya. Wanda ya taɓa zama kusa da gwani lokacin da yake wannan aiki, kofin shayinsa yana hucewa a gefe, yatsu huɗu a kan gilashin salula, ya san cewa nasarar ba sa'a ba ce.

Wannan hali na mayaƙa shi ne kuma tushen ɗaya daga cikin tsofaffin koke-koke. Sarauniyar maharba, wadda ita ce jarumar da mutane suka fi dogara da ita, tana iya tsayawa tana harbin ganuwa alhali ga ƙofa a buɗe kusa da ita, lokaci yana tafiya, har hari ya ƙare da kashi 99 cikin ɗari. Masu kuka suna cewa wannan rauni ne a ƙirar wasan. Ni ina tare da waɗanda ke ganin cewa a mafi yawan lokuta laifin na mai harin ne, domin tafiyar sarauniyar tana da ƙa'ida, kuma wanda ya share mata hanya yadda ya kamata ba kasafai take ba shi kunya ba.

Gina gari ma fanni ne mai zaman kansa, kuma ɗan Damagaram da ya tashi yana ganin ragowar garun da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da shi a ƙarni na 19 ba ya buƙatar dogon bayani kan cewa amfanin ganuwa shi ne ta jinkirta maƙiyi a daidai inda makamanka za su same shi. Sai dai wannan fanni ya ragu da daraja, domin yanzu ana kwafo tsarin gari a shirye daga intanet ta hanyar latsa mahaɗi ɗaya, har ka kai hari sau da yawa a jere kana cin karo da gari iri ɗaya.

Abu na biyu da ke riƙe mutane shi ne ƙungiya, wadda ake kira klan, mai ɗaukar mutum har 50. A watan Afrilu na 2014 aka shigo da yaƙin ƙungiyoyi: yini guda na shiri, yini guda na yaƙi, kowane ɗan ƙungiya yana da hari biyu. A 2018 aka ƙaro gasar wata-wata, inda ƙungiyoyi takwas ke karawa har kwana bakwai, kowa da hari ɗaya tak a rana, a 2022 kuma aka kawo babban birnin ƙungiya wanda ake ginawa tare. A nan ne wasan ya dace da rayuwarmu sosai, domin fada ta riga ta zama ƙungiya tun kafin salula ta zo: akwai babba da ake jin maganarsa, akwai mai rabon aiki, akwai wanda ake wa faɗa idan ya yi sakaci. Ƙungiyar da ƴaƴanta suka san juna ido da ido ta fi wadda aka tara daga ko'ina ƙarko, saboda wanda ya bar harinsa bai yi ba zai haɗu da shugaban a bakin masallaci ko wajen mai shayi, kuma kunya tana aikin da doka ba ta yi. Na san ƙungiyoyin da suka haɗa ƴan gida da ƴan'uwansu da ke ci-rani a Agadas, Kano da Libiya, hirar yaƙi ta zame musu hanyar jin lafiyar juna. Tsofaffin ƴan wasa har yanzu suna jin zafin rufe dandalin hira na duniya da aka yi a 2019, domin a can ne ake tsintar sababbin mutane, kuma tun daga lokacin ƙananan ƙungiyoyi suke wahalar cika.

Yanzu sai maganar kuɗi, wadda a kanta ne murya ke tashi. Saukar da wasan kyauta ne, kuma gaskiya ne mutum yana iya kai wa matakin ƙarshe ba tare da ya kashe ko dala ba. Amma kowane gini yana buƙatar magini da lokaci. A farko minti kaɗan ne, daga baya sa'o'i, a manyan matakai kuwa gini ɗaya yana cin kwanaki da yawa, kuma da magina biyu kacal ake farawa. Ƙarin magina da lu'ulu'u ake saye, wato kuɗin wasan na musamman: na uku 500 ne, na huɗu 1,000, na biyar 2,000, na shida kuma sai an yi doguwar hidima a gari na biyu da aka ƙaro a 2017. Ana samun lu'ulu'u kyauta ta hanyar sare itatuwa da kawar da duwatsu da cika wasu ayyuka, sai dai kaɗan-kaɗan yake zuwa, alhali kantin wasan yana buɗe dare da rana yana tayin a gama maka ginin nan take. Tun 2019 akwai kuma tikitin zinari na wata-wata, wanda ke rage kuɗin gini da lokacinsa. Masu kare wasan suna cewa kuɗi ba ya saya wa kowa gwaninta, kuma suna da gaskiya: mai gari babba da bai iya hari ba abin tausayi ne a ranar yaƙi. Masu suka suna cewa an tsawaita jiran ne da gangan domin a sayar da maganinsa, su ma suna da gaskiya, kuma a ganina tasu ta fi nauyi, domin jiran kwanaki ba ya koya wa ɗan wasa komai.

Muhawarar ta ƙara zafi da aka kawo kayan yaƙin jarumai a ƙarshen 2023, wato makaman da ake ɗaura wa sarki da sarauniya da sauran jarumai, ana ƙarfafa su a maƙera da ma'adinai iri uku. Kafin nan, idan mutum biyu suna mataki ɗaya kuma jarumansu sun kai ƙarshe, ƙarfinsu ɗaya ne. Bayan nan sai aka sami wani tsani na daban, mafi kyawun kayan suna zuwa ne a bukukuwa masu ƙayyadadden lokaci, wanda ya sayi tikitin biki kuma yana tara ma'adinai fiye da wanda bai saya ba. Gwanaye da yawa sun yi kukan cewa hari ya fi ƙarfin tsaro, har tauraro uku, wanda a da ake taya mutum murna a kansa, ya zama abin da ake sa rai daga kowa. Ƙananan ƴan wasa kuwa sun ji daɗi, domin sun fara cin garuruwan da a da suke gagarar su. Haka ra'ayi ya rabu a watan Maris na 2025 da aka cire lokacin horar da mayaƙa gaba ɗaya: wasu sun ce an cire musu ƙaya, wasu kuma, musamman masu iyali da ɗalibai, sun lura cewa jiran nan shi ne yake sa su ajiye salula, yanzu kuwa babu abin da ke tsayar da mutum sai mutuwar batir.

Akwai aibin da ɗan wasan Turai ba zai sa a gaba ba, amma a nan shi ne na farko. Wasan ba ya buɗewa sam sai da intanet, kuma idan rezo ya yanke a tsakiyar hari, harin ya tafi, ba a mayar maka da shi. Na ga wannan da idona a daren ƙarshe na wani yaƙi, ana bambancin tauraro ɗaya, mai harin ƙarshe ya sauke rabin rundunarsa sai alamar rezo ta bayyana a tsakiyar gilashi tana walƙiya, kafin wasan ya sake buɗewa an rubuta masa sakamakon da bai kai rabi ba. Ba wanda ya zarge shi, domin kowa a wurin ya taɓa ɗanɗana irinta. Shi ya sa ƙwararrunmu suke ajiye harin yaƙi sai tsakar dare ko bayan asuba, lokacin da layi ya yi sauƙi, suna kuma tabbatar da cajin salula tun kafin a ɗauke kuran, musamman a watannin zafi. Wasan kansa ba ya cin forfe da yawa a buga shi yau da kullum, amma idan sabuntawa ta fito dole ne a sauke ta kafin a shiga, kuma tsofaffin wayoyi masu ƙaramin ƙarfi suna sanɗa idan fili ya cika da dodanni da tsawa.

Game da harshe, akwai Faransanci da Larabci a cikin zaɓi, babu Hausa, don haka wanda bai yi lakkol ba da ido da tambaya yake koyo. Wasu iyaye kuma ba sa sakin jiki da wasan da ke cike da matsafa da mayu da mahaya aladu. Zane ne na barkwanci, ba jini a cikinsa, amma ra'ayinsu abin saurare ne.

Sayayya a cikin wasan tana bi ne ta Google Play, wanda ke neman katin banki ko katin kyauta, abin da yawancin matasanmu ba su da shi, sai suka koma ga ƴan tsakiya masu alkawarin lu'ulu'u da araha, ko masu sayar da gari da aka riga aka gina. Sharuɗɗan Supercell sun haramta saye da sayar da asusu da kuma karɓar lu'ulu'u daga wata hanya, kuma ana iya rufe asusun da aka kama. Ko ba a rufe ba, mai garin na asali yana iya ƙwace abinsa bayan ya karɓi kuɗi, tun da shi ne ya san tarihin asusun. Wanda zai fara, ya gina nasa daga tushe, ya ɗaure shi da Supercell ID, wato rajistar asusu ta kamfanin, a kan adireshin imel da shi kaɗai ya san mabuɗinsa, ya tara lu'ulu'unsa na kyauta domin magina kawai har su cika biyar, kada kuma ya yi gaggawar ɗaga gidan mulki kafin mayaƙansa da jarumansa su kai ƙarfin matakin da yake.